Saƙon Imran a Jirgin Gwaji

Duk wanda ya san Halimatu a unguwar Sri Petaling ta Kuala Lumpur da abu biyu ya san ta: masarta ta ranar Juma'a, da karanta lambar duk abin hawan da ya gifta ta gabanta. Kuna tsaka da hira bas zai wuce, sai ka ga leɓenta yana motsi. Matan ɗalibai 'yan'uwanta har tsokanarta suke yi, wai ko aikin ɗan sanda ta zo nema Malesiya. Ita kuwa ko a jikinta. Gado ne, ba a kasuwa ta saya ba.

Mahaifinta, Malam Badamasi, ɗan kamasho ne a tashar Unguwa Uku a Kano, mahaifiyarta kuma mai shinkafa da wake ce a bakin tashar. A nan Halimatu ta buɗe ido, tsakanin ihun yaran mota da ƙarar faranti. Ta ga an ba direba saƙon kuka da daddawa, ta ga an ba shi keken ɗinki, ta ga har akuya an ɗaure a but an ce a sauke ta a Bauchi. Babu rasit, babu komai. Abu ɗaya Malam Badamasi yake jaddada wa mai saƙo, yana nuna gaban motar da sandarsa: "Riƙe lamba. Saƙo ba ya ɓata, sai dai mai shi ya manta lambar mota."

Ta yi karatunta, ta koyar a firamare, ta auri Abdulwahidu, malamin jami'a. Da aka turo shi karatun digiri na uku ya taho da ita Kuala Lumpur. Ƙasar ta karɓe ta. Ta koyi cewa "boleh", wato "ya yi", in ta yarda da ciniki, ta gano shagon da shinkafarsa ke yin masa, ta kuma yi ƙawa guda ta amana, Hureira, matar Malam Bahauddeen, waɗanda ke zaune a wani bene bayan shagunan yadi na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman.

Ana gab da fara dokar kullen korona Abdulwahidu ya tafi gida tattara bayanan bincikensa, da niyyar ya yi 'yan makonni. Aka rufe iyaka yana can, takardun dawowa kuma suka ƙi fitowa. Ƙaramin cikin da ya bar ta da shi ya girma, ta haifi Khaulah ba uba a kusa. Hureira ce ta yi mata komai, daga ruwan wanka har kunun kanwa. Da Hureira ita ma ta samu ciki, hoto ya nuna namiji ne, ta kira tana dariya.

"Surukata, a fara tara kayan ɗaki. Ga mijin Khaulah nan tafe."

"Ke dai ba ki da dama! Ai ta girme shi."

"To sai me? A kanta aka fara?"

Daga ranar babu mai kiran wata da suna, sai surukata.

Shekara ta zagayo, cutar ta dawo da ƙarfinta, aka sake kulle gari. Malam Bahauddeen ya kamu ya warke, amma ya bar wa matarsa. Da cutar a jikinta Hureira ta shiga naƙuda. Aka ciro yaron lafiya, ita kuma aka wuce da ita ɗakin da ba a shiga, aka sa mata iskar taimakon numfashi, ko waya ba ta iya ɗauka. Aka miƙa wa Malam jariri, aka ce ya tafi gida. Shi ne ya raɗa masa suna Imran, daga shi sai 'yarsu Hanan, yarinya mai shekara goma sha biyu.

Imran ya ƙi madarar gwangwani. Ba ƙin wasa ba, yana sha yana dawo da ita, cikinsa ya kumbura, jikinsa ya feso da ƙuraje. Aka canja wata, aka sake canjawa, duk kanwar ja ce. Likitar asibitin yara ta ɗora shi a sikeli ta girgiza kai. Ta ce in aka dawo awo na gaba bai ƙaru ba, kwantar da shi za a yi. Kwanciya kuwa a asibitin wancan lokaci, inda gadaje suka cika har baranda, babu uban da zai so wa ɗansa ita.

Halimatu ta ji labari, ta dubi Khaulah da ke ƙirjinta tana tsotso tana wasa da ƙafa. Ta kira mijinta a Kano, ta ce tana so ta taimaki yaron da nata.

Abdulwahidu ya ce, "Allah Ya ba ki lada. Amma kin san hukuncin. In ya sha ya ƙoshi, shi da Khaulah sun zama ya da ƙane har abada."

"Na sani. A samu ya rayu tukuna."

Kunya ba ta bar ta ta faɗa wa Malam Bahauddeen da bakinta ba, mijinta ne ya kira shi. Tun daga nan kuma, a tsakaninsu, abin bai taɓa samun wani suna ba sai "saƙon Imran".

Tatsa ba ta gagare ta ba, kaiwa ce aiki. Nisan ya wuce iyakar da doka ta yarda mutum ya yi daga gidansa, ga shingen 'yan sanda ko'ina. Ranar farko ta ba ɗan babur mai kai saƙo. Bawan Allah ya maƙale a shinge, ruwan sama ya tare shi, kafin ya isa ƙanƙara ta narke, abin ya yi ɗumi sai zubarwa aka yi. Halimatu ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Tana share hawaye a bakin taga sai ga jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, yana wucewa a kan gadarsa, fayau, babu kowa ciki, babu shingen da ke tare shi. Leɓenta ya fara motsi da kansa. Jinin tasha ya tashi.

Washegari ta bar Khaulah wurin maƙwabciyarta Sauda, ta ɗauki kular da ta rubuta wa "Maman Khaulah" da jan farce tun bikin suna, ta jera kwalabe cikin ƙanƙara, ta nufi tasha. Aka auna zafin goshinta ta hau sama. Direba ta fara nufa, kamar yadda aka koya mata. Mutumin yana cikin ɗakinsa na gilashi, ya ɗaga mata hannu alamar ta matsa baya. Fasinjoji kuwa, a zamanin da ko gaisawa ba a yi, wa zai karɓi kaya daga hannun baƙuwa?

Sai ta tsaya ta karanci wurin. An yi wa ƙasa zane-zane, nan za ka tsaya, nan ba za ka tsaya ba, kuma kullum ƙofar tarago a daidai zane ɗaya take buɗewa. A cikin taragon an manna wa rabin kujeru alamar hana zama. Kowane tarago kuma ga lambarsa a jikinsa, baro-baro. To me ya rage? Ta zaɓi zanen ƙarshe, ta jira jirgi na gaba, ta tura kular ƙarƙashin kujera mai alama da ke bakin ƙofa, ta fito, ta kira.

"Baban Hanan, taragon ƙarshe, ƙofar baya. Ga lamba."

Shi kuma ya bar Hanan da jariri, ya sauka tashar Bandaraya da ke kusa da su, ya tsaya a zanen ƙarshe. Jirgi ya tsaya, ya leƙa, ya janyo kula da sanyinta. Da yamma ya maido ta haka.

Ni dai ban ce ta yi daidai ba. Kaya babu mai shi a jirgin ƙasar mutane, ai ko yaro ya san neman magana ne. Amma Imran ya sha bai dawo da shi ba, kumburin ya saɓe, ya fara barci. Mace ta ga haka, je ka gaya mata doka.

Haka aka yi ta yi har jajiberin awo. Ranar Halimatu ta zuba duk abin da ta tara tun jiya, don yaron ya sha ya ƙoshi kafin ya hau sikeli. Zullumi ya sa ruwan ya fara ja baya, sai da ta haɗa da kunu da addu'a kafin ta cika kwalaben. Na wurin Malam kuma ya ƙare tun safe.

Akwai wata sabuwar sanarwa a bakin matakala, da Malayanci da Turanci. Ba ta karanta ba. Bangon tashar duk sanarwa ne, wanke hannu, sa takunkumi, ba da tazara, har ido ya daina gani. Lasifika ma ta yi ta magana, ta ɗauka zancen koronar ne dai. Ashe cewa ake yi an yi amfani da ƙarancin fasinja ana sabunta na'urorin sigina, waɗanda ke ce wa jirgi tsaya ko wuce, don haka a ranar wasu jiragen a tashar Chan Sow Lin za su sauke kowa, a canja wani.

Ta tura kula, ta faɗi lamba, ta koma gida ta ɗora sanwa. Ko tafasa tukunyar ba ta yi ba waya ta yi ƙara.

"Maman Khaulah, jirage suna ta wucewa, ban ga lambar nan ba. Na leƙa taragon ƙarshe na kowanne, babu komai."

"Ƙara jira, Malam. Yana tafe."

Bai zo ba. Da ya sake kira ya riga ya koma gida, don Hanan ta ce ta kasa rarrashi. A bayan muryarsa Halimatu ta ji kukan Imran, irin siririn kukan nan na jaririn da ya gaji da kuka. Malam mutum ne mai dauriya, amma yau dauriyar ta ƙare.

"Ko in sake gwada masa ta gwangwanin?"

"A'a! Don Allah kar ka ba shi. Ba ni ɗan lokaci."

Ta kashe wuta, ta zauna ta gwada tatsa. Ɗigo-ɗigo, ko gindin kofi bai rufe ba. Ta sa hijabi, ta ajiye wa Sauda yarinya ba bayani, ta fita da silifas.

A hanya zuciya ta yi ta kawo mata. In ta buɗe baki ta tona wa kanta asiri. Baƙuwa ce, zamanta a ƙasar a kan takardar miji yake, mijin kuma ba ya nan. In aka ce an tsare ta, Khaulah fa? A ƙofar tasha ta ga mai gadi da kakinsa, har ta juya kamar za ta koma. Sai kukan nan ya dawo mata a kunne. Ta yi bisimilla ta nufi kantar sayar da tikiti.

Ma'aikaciyar da ke wurin dattijuwa ce mai tabarau, an rubuta Zaiton a ƙirjinta, irin wadda a can ake ce wa Kak, wato yaya. Halimatu ta haɗa Turanci da guntun Malayancinta ta ce ta bar kula a jirgi.

"Kin manta?" in ji matar.

Ga ƙofar ƙarya a buɗe, amma 'yar Malam Badamasi ta kasa shiga.

"Ban manta ba, Kak. Ajiyewa na yi. Wani zai ɗauka a Bandaraya."

Matar ta sauke tabarau ta dube ta sama da ƙasa. Ta ɗaga hannu ta yafito mai gadi.

"Mene ne a ciki?"

Abin da Halimatu ta yi makonni tana kewaye sunansa, yau sai ta faɗe shi a gaban namiji mai kaki. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Susu ibu," wato nonon uwa. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta faɗi uwar da ke kwance a asibiti, da madarar da yaro ke amayarwa, da sikelin gobe. Hawaye ya jiƙa takunkuminta.

Kak Zaiton ta ce, "Ba ɗanki ba ne?"

"Ɗan ƙawata ne."

"To ai ya zama ɗanki. Anak susuan." Haka suke kiran ɗan shayarwa, don su ma Musulmi ne, sun san abin. Ta sallami mai gadi da hannu, ta janyo wayar ofis. Amma kafin ta buga ta yi gargaɗi: jiragen da suka sauke mutane yau suna da yawa, wasu sun koma ma'ajiya, wasu an ba injiniyoyi suna gwaji da su. A bi su ɗaya bayan ɗaya sai yamma. "Wajen ƙarfe nawa kika sa shi?"

Halimatu ba ta duba agogo ba. Ta ce, "Taragon ƙarshe ne. Uku, ɗaya, bakwai, huɗu."

"Lambar taragon kika riƙe?"

"Ita ce kaɗai na riƙe."

Kak Zaiton ta maimaita lambar a waya ga masu kula da zirga-zirgar jirage. Ta rufe bakin wayar da tafi ta gaya wa Halimatu cewa sababbin na'urorin da suka jawo wannan rikici su ne kuma za su warware shi, don kowane jirgi yana sanar da inda yake, su kuma suna gani a allo. Ba a jima ba amsa ta zo. Jirgin yana hannun masu gwaji, babu fasinja, yana ta kai da komo a kan layi. Halimatu ta dafe kantar da hannu biyu.

"Kak, tambaye su, da sanyi a ciki?"

Aka tambaya. Da sanyi, ba a kashe ba. Aka kira wani injiniya da ke cikin jirgin ya taka har taragon ƙarshe. Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwar Halimatu, ba abin da take iya faɗa sai Hasbunallahu. Can Kak Zaiton ta saki dariya a bayan takunkumi.

"Yana tambaya, wane ne Maman Khaulah? Ya ce ƙanƙarar ba ta narke ba."

"Alhamdu lillahi! Allah na gode Maka!" Halimatu ta faɗa da Hausa, da ƙarfi, har mai gadi ya waiwayo.

Sauran aikin a waya aka gama shi. Jirgin gwajin ya tsaya a Chan Sow Lin, injiniya ya miƙa kular ga shugaban tashar, shi kuma ya miƙa wa direban jirgin da ke shirin tashi zuwa Bandaraya. Ka ji ikon Allah. Abin da ta nema ranar farko aka ɗaga mata hannu, yau ga shi an yi: saƙo ya shiga hannun direba. Ta kira Malam.

"Baban Hanan, koma tasha. Yau ba ƙarshe za ka tsaya ba, gaba za ka je. Direba ne zai ba ka."

"Direba kuma?"

"Kai dai je ka."

Kafin ya isa, Kak Zaiton ta wanke ta tas. Ta ce da wani ne ya fara ganin kular ya tsorata, da an tsayar da layi gaba ɗaya, da yanzu wani zancen ake yi. Halimatu ta amsa laifinta, ba musu. Da faɗan ya ƙare matar ta mayar da tabarau ta ce ita a unguwar Sentul take zaune, kullum in ta tashi aiki ta Bandaraya take wucewa. Daga gobe a kawo mata kular hannu da hannu, kar ta sake ganin an tura komai ƙarƙashin kujera.

"Boleh?"

"Boleh, Kak. Allah Ya saka da alheri. Allah Ya jiƙan mahaifa."

Ba ta iya komawa gida ba. Ta zauna a kan matakala da waya a hannu har ta yi ƙara. Malam ne, ya kara wayar kusa da yaron. Babu kuka. Sai ƙarar haɗiya, ƙut, ƙut, da ɗan nishin jariri a tsakani. Halimatu ta saurara har ya saki kwalbar, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta tashi, don ta tuna ta bar tata 'yar da yunwa.

Washegari sikeli ya motsa. Ba da yawa ba, amma ya motsa, likita ta ce a koma gida a ci gaba da abin da ake yi. Kak Zaiton ta cika alkawari, kullum kula na kan cinyarta har Bandaraya, ranar hutunta kuma ta bar wa abokiyar aikinta. Ranar Juma'a kular takan zo da rakiyar masa.

Sai da wata ya kusa cika aka sallamo Hureira. Ba wanda ya gaya mata komai tana kwance, a gida Malam ya zaunar da ita ya ba ta labari. Halimatu ta wuni tana tsoron kiranta, don ba da izinin uwa ta shayar da ɗa ba, kuma abin da aka yi ba ya warwaruwa. Bayan la'asar kiran bidiyo ya shigo. Hureira ta rame, muryarta ta dishe, tana magana tana hutawa.

"Halimatu."

Yau ba surukata. Halimatu ta gyara zama.

"Na'am. Sannu da jiki."

"Ashe haka za ki yi mini? Na bar miki suruki, na dawo na tarar kin raba auren?"

Halimatu ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai ta ga kafaɗar Hureira na rawa, dariya take yi hawaye na zuba. Ta juya wayar. Ga Imran kwance a cinyarta, kumatu sun fara fitowa, wuya ya yi gaɓa, yana ta harbin iska da ƙafa.

Hureira ta kama ɗan hannunsa ta ɗaga wa wayar.

"Kai malam, buɗe ido," ta ce. "Gai da Ummanka."